Karsanar da Laminu Ya Ƙi

Shekara goma sha uku ke nan da muka kai ƙanena Laminu makwancinsa. Ban taɓa yin maganarsa a jarida ba. Ni ba mutumin jarida ba ne, ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Wannan ma faɗa nake yi, maƙwabcina yana rubutawa, kuma na ce kada ya gyara mini magana. Bana na buɗe baki ne saboda ɗansa. Ya gaji aikin ubansa, ya zama injiniyan ruwa, kuma bara aka kawo masa irin jarrabawar da aka kawo wa uban, daga hannun mutum guda. Zan faɗi yadda uban ya yi, in faɗi yadda ɗan ya yi. Mai jin haushi ya ji.

Mu mutanen Damargu ne, manoman gero, daga wani ƙauye a yankin Olelewa. Da aka zo ɗibar yara lakwal, mai gari ya ce gidanmu ya ba da ɗaya. Babanmu ya duba wanda ya fi amfani a gona, ya ɓoye ni a rumbu, ya miƙa Laminu, don shi ne siriri mai yawan ciwo. Ya tafi Tanut, ya wuce Damagaram, ya wuce Yamai, ya dawo injiniya. Ni na zama mai haƙar rijiya. Na yi haƙa daga Belbeji har bakin ƙasar makiyaya. Wata ta taɓa rufta mini, aka tono ni, ɗingishin yana nan har yau. Haka muka haɗu a sana'a ɗaya, shi a sama da takarda, ni a ƙasa da dagi.

Wanda bai san ƙasarmu ba, ya sani ruwanmu nisa gare shi. Rijiya ce da raƙumi ke jan igiyar guga, ya yi tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin gugan ya fito. Talaka ba ya haƙa irinta shi kaɗai. Sai gwamnati, ko furoje, irin ayyukan taimakon nan da ke zuwa da motoci. Kafin a sa dagi, injiniya ke zuwa ya auna ƙasa, sannan ya ɗauki turken ƙarfe ya kafa. Inda ya kafa, nan za a haƙa. Ba mai gari, ba sarki, ba wanda ya isa ya ce a matsa. Laminu ya taɓa faɗa mini cewa ruwan da ke ƙarƙashi shimfiɗe yake kamar tabarma, nan akwai, can gaba ma akwai. To wannan faɗin tabarmar, shi ne kasuwar injiniya. In ya kafa a kan burtali, inda dabbobin kowa ke bi, rijiya ta kowa ce. In ya matsa kaɗan ya kafa a filin wani, kusa da tsohuwar rijiyar kakansa, ta zama tasa. Shanunsa su fara sha, yaransa su riƙe bakin rijiya, sauran mutane su tsaya suna roƙo. Kuma a takarda ba laifin da za a gani, tunda an ce a samo ruwa, an samo.

Ana yawan tambaya ta yaya injiniya ke yin arziki. Ƴan birni su ce karatu, su ce albashi. Mu da muke ƙasan rami mun ga wata hanya, kuma ba a ambulan take zuwa ba. Da ƙafa huɗu take zuwa.

Akwai al'adar makiyaya da ake kira habbanaye. Mutum ya ga garken ɗan'uwansa ya mutu, sai ya kamo karsana daga nasa ya ba shi riƙo. Ta haihu sau uku, ƴaƴan nasa ne, sannan ya maido uwar da godiya. Ba a mayar da ita tun daga ƙofa, wannan zagi ne. Ni na san darajarta a jikina. Shekarar babban fari, da dabbobi suka zube muka ci ganyen da ko jaki ba ya ci, wani Bafillace abokina, Buba, da ƴan shanu kaɗan suka rage masa, ya jawo ɗaya ya ɗaure a gidana. Bai yi dogon bayani ba. Nononta ya raya mini ƴaƴa biyu. Don haka in na ga an ɗauki wannan abu mai tsarki an yi wa cin hanci riga da shi, jinina tafasa yake.

Akwai wani Alhaji a Tanut, ɗan kasuwa ne, ba makiyayi ba, amma ya tara shanu da raƙuma a daji, ya sa masu kiwo. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ya san kansa. Lokacin da aka ba Laminu aikin wata rijiya tsakanin Tanut da Tenhiya, sai ga Alhaji da hantsi, da mutane a bayansa don su shaida, ana jaye da jar karsana mai ƙyalli. Ina wurin, mun sauka da kayan aiki.

"Injiniya, ɗana," in ji shi, "kada ka ɗauke ta wani abu, Allah ya kiyaye. Zumunci ne. Habbanaye ce. Ta haifa maka, ka maido mini abata."

Laminu ya durƙusa ya gaishe shi yadda ake gaida babba. Ya ce, "Alhaji, na gode, Allah ya ƙara arziki. Amma habbanaye wanda garkensa ya mutu ake ba. Ni ban taɓa yin garke ba balle ya mutu. Ga mutane nan tun fari ko akuya ba su mayar ba."

"To riƙe ta yara su sha nono mana."

"Bari in kafa turke tukuna, Alhaji. In ka ga inda na kafa kana son zumuncin har yanzu, ka aiko ta, zan karɓa hannu biyu."

Ya kafa a kan burtali. Karsana ba ta dawo ba.

Kada ku zaci an yi masa tafi. Dattawa suka ce yaron nan boko ya ɓata shi, ya kunyata babban mutum a gaban jama'a, ya wulaƙanta al'ada. Magana ta kai Yamai cewa ba ya girmama manyan ƙasa, ba a jin daɗin aiki da shi. Ba a kore shi ba, sun fi haka wayo. Aka ɗauke shi daga daji aka ajiye shi a ofis a Damagaram, teburi da kujera, ba mota, ba fita. Waɗanda ya koya wa riƙon na'urar awo suka haye kansa. In aikin ya yi wuya, in an haƙa an tarar da dutse, sai a tuna da shi a aiko. In an zo rabon daɗi, ba a san ƙofarsa ba.

Sauran injiniyoyi kuwa na gan su da idona. Karsana a nan, taguwa a can. Ba sa ma kai su gida, a garken mai bayarwa ake barin su suna hayayyafa, ba wanda ya gani, ba wanda ya rubuta. Da damina sai injiniya ya ce zai je duba aiki, ashe shanunsa zai je gani. Bayan ƴan shekaru a kora su kasuwa, sai ka ga bene ya tashi a Damagaram, sai ka ji an tafi Makka an dawo, ana ba shi sahun gaba. Kuma wanda ya saba karɓar saniya ba ya ƙin na ɗan kwangila. A rage siminti, a rage ƙarfe, ya zo ya leƙa daga sama, ya sa hannu. Ba shi zai sauka ciki ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, amma a nan kan talaka ake askewa.

Ban ce duk injiniya mai arziki ɓarawo ne ba. Ƙarya ce in na faɗa. Laminu yana da abokin karatu da ya ajiye aikin gwamnati, suka haɗa hannu da wasu suka sayi tsohon injin haƙa. Ya yi shekaru yana kwana a daji yana cin ƙura, yana haƙa wa masu lambu. In bai samu ruwa ba ya sake haƙawa, bai ce a ƙara masa ba. Sunansa ya bazu, yau injinansa har ƙetaren iyaka suke zuwa, kuma ba wanda zai nuna shi da baki. Wasu sun tafi wajen man fetur, wasu wajen ma'adinai a arewa, suna samun abinsu da guminsu. Laminu kan ce abu biyu injiniya ke da shi na sayarwa, aikinsa da sa hannunsa. Mai sayar da aiki yakan daɗe bai yi arziki ba, amma in ya yi, kowace shekara darajarsa ƙaruwa take. Mai sayar da sa hannu da wuri yake samu, amma daga ranar ya zama bawan wanda ya saya.

A nan ne nake jin haushin shi kansa marigayin, kuma mutuwa ba ta sa na huce ba. Ya san hanyar halal ɗin, abokin nan ya kira shi ba sau ɗaya ba, ya ce zo mu yi tare. Ya ƙi. Wai in ya tafi wa zai tsaya wa mutane a ofis? Na ce masa, kai, an riga an karɓe gudumar kafa turke daga hannunka, gadin me kake yi? Ya yi dariya ya ce wata rana za a neme shi. Taurin kai ne, irin na babanmu. Gaskiya ba ta ce ka zauna da yunwa ba. Da ya bi abokinsa, da ya riƙe mutuncinsa ya kuma bar wa iyalinsa abin dogaro, da yau ɗansa ba shi da bakin cewa gaskiya ita ta kashe ubansa.

Ciwon ƙoda ne ya kama shi. Likita ya ce aikin sai an fita da shi waje. Waɗanda ke da shanu a daji in kansu ya sara jirgi suke hawa. Laminu a tabarma ya ƙare, a asibiti, a gefen gadon wani, ɗansa yana masa fifita. Matarsa Mariyama ta kwashe yara ta dawo ƙauye, ta shiga surfe da sayar da ƙuli-ƙuli, matar injiniya guda. Da wannan, da ɗan abin da nake samu, babban ɗan ya gama karatu. Sunan babanmu gare shi, don haka Abba muke ce masa.

Da Laminu zai ɗaga kai yau ya dubi Damargu, da farko zai yi murna. Abin da yake mafarki ya zo. Yanzu inji ke huda ƙasa cikin ƴan kwanaki, a sa famfo mai aiki da hasken rana, a ɗora shato, wato tankin ruwa, a sama, ruwa na zuba ba raƙumi ba igiya. Sannan zai matso kusa ya ga waya kewaye da shaton, ya ga mai gadi da kwaɗo, ya ga makiyayi tsaye yana ciniki a kan kowane kan dabba kafin ta sa baki. Ruwan da aka kawo da sunan talaka. Zai tambaya wa ya kafa turken nan. Kuma zai san amsar, don ba aljani ne ke kafawa ba, ɗan wani ne da aka biya wa karatu.

Bara aka ce za a yi irin wannan famfo a arewa da rijiyar Laminu, don ita kaɗai ta kasa ɗaukar jama'a. Aka ce Abba ne injiniyan. Na yi farin ciki irin wanda na daɗe ban yi ba. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Alhajin nan kuwa yana nan da ransa, ya tsufa, sai an riƙe shi yake shiga mota, amma wayonsa bai tsufa ba. Wannan karon bai je wurin injiniya ba. Gidan uwar injiniya ya aika.

Na shiga gaida Mariyama na tarar da jar karsana a ɗaure, da ciki. Abba yana zaune a tabarma, motar furoje a ƙofar gida.

"Abba, ta wa ce wannan?"

"Ta Inna ce, Baba. Alhaji ya ba ta habbanaye, saboda zumuncinsa da marigayi."

"Wane zumunci? Tun da aka rufe ubanka bai san hanyar gidan nan ba, sai da aka ba ka guduma?"

"Baba, ni na auna wurin nan. Ruwan ɗaya ne. Ko a burtali ko a filin Alhaji, abin da za a samu ke nan."

"Ruwan ɗaya ne. Mai riƙe da makulli ne ba ɗaya ba."

Ya sunkuyar da kai, don ba ya ɗaga mini murya. Ya ce, "Baba, ni na yi masa fifita. Ina tsaye likita ya ce a fita da shi, kowa ya dubi ƙasa. Mutanen da ya yi wa rijiya ina suke ranar? Gaskiyarsa ko allura ba ta saya masa ba. Ni ba zan mutu a tabarma ba, kuma Inna ta gama surfe."

Na ce ga abokin ubanka nan, je ka ya koya maka yadda ake yi. Ya ce wannan hanyar sai mutum ya yi furfura. Sai Mariyama ta yi magana daga bakin ɗaki, ita da ba ta taɓa tanka mini ba tun da aka kawo ta gidanmu.

"Yaya, ka bar shi. Na sha ɗacin gaskiyar uban har na ƙoshi. Bari in ɗanɗana abin da sauran mata ke sha."

Na dube ta. Na ga tafin hannunta, na san abin da taɓarya ta yi masa. Ba ita nake tuhuma ba. Wanda nake tuhuma shi ne tsohon da ya zauna yana jira yunwa ta yi masa aikin da karsana ta kasa. Da manyan ofis da suka mayar da mai gaskiya abin yi wa yara gargaɗi. Da mu kanmu mutanen ƙasa, da muke zagin mai matsar da turke a bayan idonsa, in ya zo ɗaurin aure mu tashi mu ba shi tabarma.

Bayan girbi Abba ya kafa turke. A filin Alhaji ya kafa. Aka yi fatiha, aka yanka rago. Ruwa ya fito, mai yawa, mai daɗi, kamar yadda ya ce. Kafin rani ya yi tsakiya an kewaye wurin da waya. Matan zangon da aka rubuta sunansu a takardar neman taimakon suna wucewa ta gefen shaton da jakunansu, suna jin ƙarar ruwa, su miƙe zuwa tsohuwar rijiya su bi layi. Abba kuwa an ƙara masa girma. An ce yaron kirki ne, ya san mutane, ba kamar ubansa ba. A gabana wani ya faɗa, yana ganin yabo ya yi.

Juma'ar da ta wuce muka yi wa Laminu sadaka kamar yadda muka saba kowace shekara. Da, gumba ce da ɗan goro. Bana aka fito da ƙwarya cike da fura, nono har yana kauri, malamai suna ta sa albarka. Aka miƙo mini ludayi. Na tambayi inda aka samo nono haka da rani. Aka ce ai jar saniyar ce ta haihu. An yi wa Laminu sadaka da nonon abin da ya ƙi, ana roƙa masa lada a kai. Ban hana kowa sha ba, nono ba shi da laifi. Na shafa fatiha na tashi.

Me zai ce da yana nan? Ba mai faɗa ba ne, ni ne mai faɗa. Na san ba zai zagi ɗansa ba. Zai zaunar da shi ya tambaye shi abu ɗaya, in Alhaji ya sake aikowa yana son wani wurin, da wane baki za ka ce a'a? Zai kuma tuna masa abin da kowane makiyayi ya sani, cewa saniyar habbanaye in ta gama haihuwarta komawa take gidan mai ita. Famfo kuwa inda aka huda, nan zai zauna har jikokin jikoki.

Na auna abin da ya rage na ƙanena. Bai bar gida ba, bai bar garke ba. Sunansa a ofis ya zama abin dariya. Matarsa ta gaji da shi tun yana kabari, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ya rage rami ne a kan burtali, bakinsa duk igiya ta cinye, ba ƙofa, ba kwaɗo. Buzu ya sha, Bafillace ya sha, manomi ya sha, baƙon da ya ɓata hanya ya sha, ba mai tambayarsa ɗan wa ne. Yawancinsu ba su taɓa jin sunan Laminu ba. Allah ya san shi. Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar, ya yafe masa taurin kansa.

Da in an tambaye ni me Laminu ya bari, nakan ce ɗa da rijiya. Bana rijiya kawai nake cewa.